Hutu a Gashaka-Gumti: Hawan Dutsen da Ya Fi Kowane Tsawo a Nijeriya

Idan aka tambayi ɗalibin makarantar sakandare a Kano ko Zariya ko Sakkwato wane dutse ne ya fi kowane tsawo a Nijeriya, sau da yawa amsar da za a ji ita ce duwatsun Jos. Wani ma sai ya ce Dutsen Zuma, don ya taɓa ganin hotonsa a bayan takardar Naira ɗari. Alhali kuwa duk ba su ba ne. Dutsen da ya ɗara sauran yana can ƙuryar gabas, a Jihar Taraba, daf da iyakarmu da Kamaru. Sunansa Chappal Waddi, wasu kuma suna ce masa Gangirwal. Tsawonsa mita 2,419 ne daga doron teku, wato ƙafa 7,936 bisa tsohon awo. Ya fi duwatsun Shere na kusa da Jos da wajen mita 600.

Wannan dutse yana cikin Gandun Daji na Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda shi ne mafi girma a cikin irin waɗannan gandayen daji na ƙasarmu. Abin mamaki shi ne, masana daga Ingila da Jamus da wasu ƙasashe masu nisa sun yi shekaru suna zuwa suna kwana a cikinsa, amma yawancin ma'aikatanmu da ɗalibanmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Ma'aikaci yakan karɓi hutunsa na shekara ya ƙare shi a majalisar ƙofar gida, ɗalibi kuma ya haddace sunayen duwatsun Turai don jarrabawa, ga nasa a gida bai san hanyarsu ba. Dalilin wannan rubutu ke nan: mu bayyana inda wurin yake, da abin da mai zuwa zai gani, da shirin da ya kamata ya yi, da kuma dalilin da ya sa zuwan namu yake da amfani ga gandun kansa.

ASALIN GANDUN

Faɗin Gashaka-Gumti ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ya ratsa jihohi biyu. Sashen arewa, wato Gumti, yana cikin Jihar Adamawa ta wajen Toungo, kuma yawancinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin dajin da muka saba gani. Sashen kudu, wato Gashaka, yana cikin Jihar Taraba, kuma nan ne manyan duwatsu da kwazazzabai da kurmi mai duhu suke. Ruwan sama ya fi yawa a wannan sashe na kudu nesa ba kusa ba.

Tarihin wannan yanki ya sha bamban da na sauran ƙasar Arewa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ƙarƙashin mulkin Jamusawa ne, a cikin ƙasar da suke kira Kamerun. Da aka ci Jamusawa da yaƙi a can a 1916, sai wannan ɓangare ya koma hannun Ingilishi, suka riƙe shi amana suna gudanar da shi tare da Nijeriya. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka mai da yankin Lardin Sardauna. Ashe ke nan da ƙuri'ar ta faɗa ɗaya gefen, da yau Chappal Waddi ba ya cikin lissafin duwatsunmu.

A 1972 Gwamnatin Jihar Arewa Maso Gabas ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti don kare namun daji. Daga 1976 suka koma ƙarƙashin Jihar Gongola. A 1991, shekarar da aka raba Gongola aka sami Adamawa da Taraba, Gwamnatin Tarayya ta haɗe su wuri ɗaya ta mai da su gandun daji na ƙasa. Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ce ke riƙe da shi, kuma babban ofishinsa yana Serti, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, inda fadar Lamɗo Gashaka take.

HANYAR ZUWA DA LOKACIN DA YA DACE

Mai zuwa daga Kano ko Kaduna ko Bauchi zai fara isa Jalingo. Daga nan sai ya kama hanyar da ta nufi kudu, ta bi ta Garba Chede da Bali ta kai shi Serti. Wannan hanya ita ce dai ta zarce ta haye Tsaunin Mambila har zuwa Gembu. Tafiya ce mai nisa, don haka gara mutum ya yi sammako daga Jalingo ya isa da sauran rana. A Serti ake yankar takardar izinin shiga, a nan kuma ake haɗa baƙo da jami'in gandun daji da zai yi masa rakiya. Doka ba ta yarda kowa ya shiga shi kaɗai ba, kuma hankali ma bai yarda ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Damina a wannan yanki tana da tsawo, takan fara tun wajen Afrilu ta kai har Nuwamba. A cikinta koguna sukan cika su batse, hanyoyin cikin daji su lalace, ciyawa ta yi tsawon da za ta rufe mutum. Da rani kuwa ana iya ƙetare koguna da ƙafa, namun daji kuma sukan taru a bakin ruwa inda ido zai same su. Illa ɗaya ita ce hazon hunturu, wanda a wasu ranaku yakan rage nisan da ido ke kaiwa daga kan dutse. Wannan lokaci ya yi daidai da hutun makarantu na ƙarshen shekara, kuma ma'aikacin da ya tsara hutunsa tun da wuri yana iya ajiye shi a nan.

Kafin a ɗaura niyya, wajibi ne a tuntuɓi ofishin gandun a ji halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. Su ne ke sintiri a dajin, su suka san inda ake zuwa da inda aka dakatar. Abin da suka faɗa shi ne abin bi.

ABUBUWAN KALLO A GINDIN DUTSE

Ba lalle ne kowa ya hau ƙololuwa ba. Wanda kwanakinsa kaɗan ne, ko ƙafarsa ba ta da ƙarfi, yana iya sauka a ƙauyen Gashaka, wanda gandun ya ci sunansa, ya riƙa fita yawo da safe da yamma. A kan wani tudu kusa da ƙauyen akwai kufan sansanin da Jamusawa suka gina da duwatsu a zamanin mulkinsu. Wanda ya tsaya a wurin ya dubi kwarin da ke ƙasa zai gane dalilin da ya sa suka zaɓe shi, don babu mai giftawa ba a hango shi ba. Malamin tarihi zai iya koyar da darasin rabon Afirka tsakanin Turawa a nan cikin rabin sa'a, yara su fahimce shi fiye da yadda za su fahimta a aji.

Koguna ma abin kallo ne. Mayo Kam da Mayo Gashaka da Mayo Gamgam suna gangarowa daga duwatsu da ruwa garau a lokacin rani. Kalmar mayo da Fulatanci tana nufin kogi. A Mayo Kam akwai wani gurbi mai zurfi da aka sani da zaman dorina, akwai kuma kada da giwan ruwa da tsage. A cikin dajin ana samun ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo da gada iri-iri da mugun dawa. Damisa ma tana nan, sai dai ba kasafai ake ganinta ba, sawunta ake tararwa a kan yashi da safe. Tsuntsaye kuwa ɗaruruwan iri ne, don haka mai madubin hangen nesa kada ya bar shi a gida.

Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan Gashaka a duniya shi ne birai. Ban da gwaggon biri da jan biri da kirka, akwai wani babban biri marar wutsiya, baƙi, wanda Turawa ke kira cimfanzi. Mutanen yankin suna ce masa biri mai ganga, saboda yakan bubbuga faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, amon ya yi nisa cikin kurmi kamar ana kiɗa. Irin da ke nan ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, kuma a cikin ire-iren cimfanzi guda huɗu shi ne wanda ya fi ƙaranci. A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa sansanin bincike a Kwano, cikin kurmin da ke gaba da ƙauyen Gashaka. Binciken da aka yi a can ya nuna cewa waɗannan birai sukan fiƙe tsinke su zura a ramin kwarkwasa su tsamo su su ci, sukan kuma yi amfani da sanda wajen haƙo zuma. Kowace yamma kowanensu yakan lanƙwasa rassa a saman itace ya yi wa kansa shimfiɗar kwana. Baƙo yakan ji kukansu ko ya ga shimfiɗarsu sau da yawa kafin Allah Ya ba shi sa'ar ganinsu ido da ido, don suna gudun mutane ƙwarai.

HAWAN CHAPPAL WADDI

Hanyoyin hawa biyu ne. Ta farko ta tashi daga ƙauyen Gashaka ta ratsa kurmi da koguna tana hawa sannu a hankali. Wannan tana cin kwanaki da yawa, sai ƙaƙƙarfan mutum mai isasshen lokaci. Ta biyu, wadda yawancin mahaya ke bi, ta ɓullo ta kan Tsaunin Mambila. Mutum zai wuce Serti a mota ya hau tsaunin ta wata hanya mai lanƙwasa da yawa har Nguroje, daga nan ya hau babur zuwa ƙauyen Njawai, sannan a shiga tafiyar ƙafa. Amfanin wannan hanya shi ne mota ta riga ta yi wa mutum fiye da rabin hawan, don Mambila kanta ta kai wajen mita 1,500. Duk da haka sai an kwana a hanya, zuwa da dawowa.

Wanda ya bi ta Mambila ya sami ƙarin abin kallo. Zai ga tuddai masu koriyar ciyawa sun jeru har iyakar gani, da garkunan shanu, da gonar shayi ta Kakara kusa da Nguroje, inda ake noman ganyen shayi a kuma sarrafa shi. Akwai kuma kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda masana itatuwa ke gudanar da bincike a cikinsa.

Babu buƙatar igiya ko wani kayan hawan dutse na musamman. Tafiya ce ta ƙafa a kan turbar shanu da ta mutane, sai dai akwai hawa da gangara masu gajiyarwa, a sauka kwari a ƙetare ƙorama a sake hawa. Yayin da mutum ke yin sama zai lura itatuwa suna raguwa, har ya fito filin ciyawa tsantsa, kurmi ya koma cikin kwazazzabai inda ruwa ke bi. A cikin irin wannan kurmi na kan dutse, gansakuka takan lulluɓe rassan itatuwa saboda yawan laima. Daga ƙololuwa, ranar da gari ya yi wasai, mutum zai dubi gabas ya ga duwatsun Kamaru, ya juya yamma ya ga kwarin Gashaka shimfiɗe a ƙasa.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne sanyi. Masana yanayi sun ƙididdige cewa zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka yi sama. Ƙauyen Gashaka bai kai mita 500 daga doron teku ba, saboda haka tsakaninsa da ƙololuwa akwai ratar wajen digiri 13. Wanda ya baro gindin dutse yana gumi zai kwana a sama yana makyarkyata, musamman idan iska ta taso. Ba banza ba Fulani suka raɗa wa wani dutse na gandun suna Chappal Hendu, wato dutsen iska. Ta fuskar numfashi kuwa da sauƙi, don ciwon da ƙarancin iska ke jawowa yakan fi kama mutane ne daga mita 2,500 zuwa sama, irin abin da mahaya Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, suke fama da shi. Amma mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ya ga likita kafin ya tashi.

GUZURI DA LADUBBAN TAFIYA

Ma'aikacin da ya shekara a kan kujerar ofis kada ya tashi rana ɗaya ya ce zai hau dutse. Ya fara motsa jiki tun wata guda kafin tafiya, yana yin tafiyar sa'a ɗaya ko biyu a ƙasa kowace rana. Takalmi shi ne kan gaba a cikin kaya: ya zama rufaffe, mai ƙarfin tafi, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi yakan sa ƙafa ta yi bororo tun ranar farko, tafiya ta lalace. Sai rigar sanyi mai kauri da bargo da hula da tanti da tocila. A tanadi gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro don kwanan da za a yi a ƙasa, da doguwar riga saboda tsando. Ruwan ƙorama ko da ya yi garau a tafasa shi kafin a sha. Abinci kuwa a ɗauki marar nauyi wanda ba ya lalacewa, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da shinkafa da kayan shayi.

Ana ɗaukar 'yan dako daga ƙauyukan da ke kusa, su ɗauki kaya su kuma nuna hanya. A yi ciniki da su a gaban jami'in gandun kafin a tashi, a biya su hakkinsu cif, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. A yi tafiya da sanyin safiya a huta da tsakar rana, kuma ayari ya bi takun wanda ya fi kowa rauni. Sannu ba ta hana zuwa. An hana harbi da kafa tarko da cinna wa daji wuta da saran itace. Duk leda da gwangwanin da mutum ya shiga da su ya fito da abinsa.

MAZAUNA KAN DUTSE

Gashaka-Gumti ya bambanta da yawancin gandayen daji ta wata fuska: akwai mutane a cikinsa bisa yardar doka. Tun lokacin da aka keɓe dajin an bar wasu wurare, kamar Chappal Hendu da Selbe da Filinga, inda makiyaya da manoma za su ci gaba da zama. Fulani sun so kan dutse ne domin tsando ba ya rayuwa a wurin sanyi, shanunsu sun tsira daga sammore, ga ciyawa da ruwa. A kewayen gandun kuma akwai Jibawa da Dakkawa da Ndoro da Mambilawa da wasu ƙabilu. Fulatanci shi ne harshen da ya fi yawo a kan duwatsu, amma ana jin Hausa a Serti da kasuwanni. Matafiyin da ya iso ruga ya yi sallama, ya nemi ardo ko jauro ya gaishe shi, ya nemi izini kafin ya kafa tanti ko ya ɗauki hoton wani. Idan aka kawo masa nono ya karɓa da godiya ya yi abin da ya dace.

Zaman shanu da namun daji a wuri ɗaya yana da nasa haɗari. Annobar bushiya ta 1983 zuwa 1984, wadda ta karkashe shanu a Arewa, ta halaka ɓauna da sauran namun daji masu yawa a wannan daji. Har yanzu kuma ana fama da shigowar garkuna daga nesa zuwa wuraren da aka haramta kiwo, da ƙona ciyawa da rani, wadda wutarta kan ci gefen kurmi kowace shekara.

ABIN DA ZA A YI ASARA

A nan ne batun ya wuce yawon shaƙatawa. Kurmin da ke kan waɗannan duwatsu tamkar soso yake. Yana tsotse ruwan damina ya riƙe shi a ƙasa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ƙoramu har ƙarshen rani. Ƙoramun su ne ke haɗuwa su zama Kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai, Binuwai kuma ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Idan aka sare kurmin, ruwan zai riƙa kwararowa gaba ɗaya da damina yana kwashe ƙasa, da rani kuma koguna su ƙafe. Masunci da mai noman rani da makiyayi a kwarin Binuwai, waɗanda ba su taɓa ganin Chappal Waddi ba, duk abincinsu yana da alaƙa da itatuwan da ke kansa.

Barazanar kuwa ta zahiri ce. A shekarun da suka biyo bayan 2010 aka yi rububin saran madobiya a Jihar Taraba, itacen da 'yan katako ke kira madrid, ana loda gungumensa a manyan motoci ana kaiwa tashar jiragen ruwa don sayarwa a ƙasar Sin. Da itacen ya yi ƙaranci a waje, masu saran suka fara kutsawa cikin gandun. A 2016 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Ban da wannan akwai mafarauta masu kai naman daji kasuwa, da masu haƙar ma'adinai ba da izini ba. Wasu daga cikin jami'an da ke gadin gandun sun rasa rayukansu a bakin aiki a hannun irin waɗannan mutane. A 2017 Hukumar Gandayen Daji ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, don taimakawa wajen horar da masu gadi da samar musu kayan aiki.

Gadi da bindiga kaɗai ba ya tsare daji mai wannan faɗi. Mutumin ƙauye zai kare kurmi ne idan ya ga yana samun abin sawa a bakin salati daga tsayuwarsa fiye da abin da zai samu daga faɗuwarsa. Duk baƙon da ya zo yana barin wani abu a hannun ɗan acaɓa da ɗan dako da mai abinci da mai masauki, kuɗin shigarsa kuma ya shiga asusun gandun. Baƙin waje ba su da tabbas, da zarar an yi wani labari marar daɗi sai ƙafarsu ta ɗauke. Waɗanda za su iya zuwa kowace shekara su ne 'yan ƙasa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da sassan nazarin labarin ƙasa da kimiyyar halittu na jami'o'i da kwalejojin ilimi su sa Gashaka-Gumti cikin wuraren da suke kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi, kamar yadda aka saba kai su Yankari. Ƙungiyoyin ma'aikata ma suna iya yin adashi mutum takwas ko goma su ɗauki mota ɗaya, nauyin ya yi sauƙi. Gwamnatocin Taraba da Adamawa da ta Tarayya kuma su dubi hanyoyin shiga da masaukan baƙi da tsaron matafiya. Wanda ya yi niyyar zuwa a wannan rani, yanzu ne lokacin cika takardar hutu da tuntuɓar ofishin Serti da fara motsa ƙafa. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kowa gida lafiya, amin.